Jemagun Ɗakin Goro

Tun da na dawo daga Jamhuriyar Benin ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a gidan biki a tare ni, a waya ma haka: "Dije, ya hanya? Kin kamo jemagun naki?" Kuma duk wanda na fara ba wa labarin sai ya katse ni da dariya tun ban kai rabi ba. Na gaji. Ga shi nan a rubuce, wanda ya sake tambayata wannan zan tura masa.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don har yau akwai masu zaton gado na je karɓowa. Shekara bakwai ke nan ina jan digiri na uku. Aure, haihuwa biyu, yajin aiki, jinyar Mama da rasuwarta, duk a cikin shekarun nan. Da damina ta faɗi, Farfesan da ke duba aikina ya kira ni, ya cire gilashi, ya ce zango ɗaya ya rage min. In ban miƙa ba za a soke sunana, kuma shi ba shi da sauran bakin da zai roƙa min.

Aikin nawa a kan kunne ne. Mu dabbobi masu shayarwa, har da ɗan Adam, kunnenmu yana kama siririn sauti fiye da na kaza ko ƙadangare. Can cikin kunnen akwai wani abu a naɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin da ke miƙewa suna takurewa idan sauti ya shigo, su ƙara masa ƙarfi. Akwai ƙwayar gado guda da ke kula da wannan aiki, kuma tsara bayan tsara ta yi ta sauyawa a jikin wasu dabbobi. A ƙaramin jemage ta kai matuƙa: yana tafe yana ihu da muryar da ba ma ji, yana sauraron amsa-kuwwa, da haka yake sanin ga bango, ga sauro. Abin da ya ja ni tun farko shi ne, dabbar teku da ake kira dolfin, wadda ba abin da ya haɗa ta da jemage, tata ƙwayar ta sauya a kusan wurare iri ɗaya da tasa. Ina da samfurin jemagu iri-iri na nan gida. Wanda ya rage min shi ne mai hanci kamar naɗaɗɗen ganye, wanda muryarsa ta fi ta sauran siranta. Tsohon ginin da na dogara da shi a nan, an rushe shi an yi shaguna.

Sai na tuna da Mama. 'Yar garin Djougou ce a ƙasar Benin, ita Zugu take cewa, aure ya kawo ta Najeriya. Kakanninta fataken goro ne, daga baya suka zauna suka zama masu masaukin fatake. Takan ba mu labarin ɗakin goro na gidansu, mai duhu da sanyi, rufinsa cike da ƙananan jemagu masu murɗaɗɗen hanci. Ta ce tana yarinya takan ji suna tsuwa da rana tsaka, babu mai ji sai ita, har aka ce iska ce aka yi ta yi mata hayaƙi. Dariya muke yi mata lokacin.

Na nemo lambar yayanta, Kawu Salifu, wanda ya ba ta kusan shekara ashirin. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Kawu, zan zo saboda jemagun ɗakin goro."

Ya ce, "Har can labarinsu ya kai?"

Na ce Mama ce ta ba ni.

Ya ce, "To, ɗiyata. Ki taho, kar ki damu da komi."

Na ajiye waya ina murna, ni da nake koyar da yara yadda kunne ke aiki.

Kayana ba yawa: raga mai laushi, safar hannu, akwatin ƙananan kwalabe masu sinadarin adana samfuri, da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo wadda ke kamo siririn sauti ta sauko da shi inda kunnen mutum zai ji. Na bi ta Kontagora, na kwana a Busa, washegari muka nufi Kaiama. Hanyar nan ba zan yi mata bayani ba, bayana ne ya san ta. Sau biyu muka sauka muka tura mota cikin taɓo. Matar da ke kusa da ni, mai buhun busasshen kifi, mun yi hira mai daɗi har ta ba ni gyaɗa, sai ta tambaye ni sana'ata. Da na faɗa mata, ta ja mayafinta ta matsa jikin ƙofa, a can ta zauna har iyaka.

A iyaka, ɓangarenmu ba a tsayar da ni ba. A ɗaya ɓangaren jami'in ya buɗe akwatin kwalabe, ya dube ni, ya yi min Faransanci mai tsawo. Ni kuwa Faransancina bai wuce "marsi" ba. Wani dillalin shanu Bahaushe da ke bayana ya taimaka. Na miƙa takarduna, na yi bayani dalla-dalla a kan ƙwayar gado da kunnen ciki, shi kuwa ya fassara duka da jimla ɗaya. Na tambaye shi me ya ce. Ya ce, "Na ce mai ke sauraron jemagu kike." Jami'in ya ce in nuna masa. Na kunna na'urar, na kaɗa makullai a gabanta, ta ɗauki ƙara kamar ana soya ƙosai, don makulli yana fitar da siririn sautin da ba ma ji. Shi ke nan na jawo wa kaina. Ya kira abokan aikinsa, kowa ya zo da makullinsa, har da mai babur. Mutanen kirki ne, sun ba ni kujera da ruwan sanyi, amma awa guda muka yi ana kaɗa makulli, batir ɗaya ya tafi a nan.

A Parakou ɗan Kawu ne ya tarbe ni a tasha, Yakubu, mai sayar da nama a kasuwar Arzèkè. Taubashina ne, ba mu taɓa haɗuwa ba, amma bai ɓata lokaci ba.

"Ke ce likitar ɓeraye masu fiffike? Na ɗauka zan ga babbar mace, ashe guntuwa ce."

Na ce, "Ni ma an ce min mahauci, na ɗauka zan ga mai ƙiba. Naman duk bashi kake ba wa cikinka?"

Ya yi dariya ya ce lallai jinin gidan ne. Ya tsayar mana da zem biyu, wato achaɓarsu, masu riga iri ɗaya da lamba a baya. Gidansa a unguwar Albarika yake. Ina sauka daga babur na yi tuntuɓe, sai mutum uku suka ce min "dusuma" a tare. Na tambayi Yakubu, ya ce ai a hankali ke nan. Na ce a hankali bayan na riga na faɗi? Ya ce haka ake yi, shi ne sannunsu. Kafin in bar ƙasar na sha dusuma har na ƙoshi.

Kwana ɗaya na yi niyyar yi a Parakou, na yi uku. Akwai hatimin da sai an buga min kafin in taɓa dabbar dawa. Ranar farko na isa ofishin sha biyu da 'yan mintuna, na tarar an rufe. A can rana na take tsaka kowa sai ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen ƙarfe uku a dawo. Mu a nan ma'aikaci yana kan kujerarsa amma ba ya nan, su kuwa in ba sa nan sai su rufe ƙofa kowa ya sani. Ban san wanne ya fi ba. Rana ta biyu mai sa hannun ya yi tafiya. Matar Yakubu ta yi ta ɗura min sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulani mai jan baya wanda ake soyawa a sa a miya. Abinci ne mai daɗi, amma in na ci sai in ji kamar an ɗaure min dutse a ciki, ga zuciyata tana lissafin kwanaki.

Don rage zaman banza na bi Yakubu rumfarsa. Ina kallo yana fasa kan saniya, na ce masa akwai ƙasusuwa uku a cikin kunnen nan, ƙanana ƙwarai, irinsu ne a kunnensa, irinsu ne a kunnen jemage. Ya ce shekara ashirin yana fasa kai bai taɓa gani ba, boko dai ƙarya. Na karɓi ƙaramar wuƙa na tona masa, na ajiye guda a tafin hannunsa, bai fi ƙwayar wake ba. Ya daɗe yana juya shi.

"Shi ya sa," in ji shi. "A kara sai ka ga shanu sun ɗaga kunne gaba ɗaya, mu ba mu ji komi ba. Fulani sun ce suna jin abin da ba mu ji. To ke in kin kashe jemagun nan za ki tona?"

Na ce wa ya ce masa kashewa zan yi? Da ransu nake so. In naɗi muryarsu, in ɗan ciri fatar fiffike kamar ƙwayar riɗi, in sake su.

Yakubu ya ajiye wuƙa. Ya ce yana zuwa, ya koma bayan rumfa da waya. Ya dawo yana share gumi. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, gobe dai in an buga hatimin mu wuce kai tsaye, shi ma zai raka ni.

Mun isa Djougou bayan la'asar. Gaisuwar can sai mai ƙarfin gwiwa. Mata suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa ni ma in durƙusa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a koma kan gida. Hausarsu da Dendi da Faransanci duk a tukunya ɗaya. Kawu Salifu yana zaune a zaure, dogo, siriri, ya haura tamanin. Da na ga goshinsa sai da na kau da kai, na Mama ne sak. Kunnensa ya yi nauyi, muryar mata musamman ba ya kama ta sai an ɗaga.

Bai bari na sha ruwa na gama ba ya miƙe da sandarsa ya ce in biyo shi. Muka ratsa tsakar gida zuwa wani ɗaki a ƙurya. Tun daga nesa na ji warin fenti.

Ya tura ƙofa. Bango fari tas. Ƙasa tayil. Sama sabon sili na katako, an bi gefensa da siminti ko tsaga babu. Ga gado da sabon zanin gado, ga fanka, ga labule.

"Ga ɗakin goro," in ji Kawu. "A gidan ga, tun kakana, in aka aiko cewa ayari na tahe, ba a bari baƙo ya iske ƙazanta. A share ɗaki, a yi hayaƙi, a yi yaɓe, ya zo ya sauke kaya ya huta. Da kin ce za ki zo saboda jemagu, kunya ta kama ni. Ɗiyar Hauwa, mai ilimi, ta taso tun daga Najeriya ta share mana ɗaki? Kwana huɗu muna hayaƙin barkono. Silin ga jiya aka gama shi. Mun hutar da ke, ɗiyata. Nan za ki kwana."

Jiya. Da hatimin nan bai riƙe ni ba, da na riga masu sili zuwa.

Na durƙusa na yi godiya. Na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Me zan ce? Tsoho ne ya tsaya yana kallon fuskata yana jiran ya ga farin ciki. Da Kawu ya fita na zauna a bakin gadon na yi kuka mai isata, ba na jemagu kaɗai ba, na shekara bakwai. Yakubu ya leƙo ya ce, "Wallahi da na kira an riga an buga ƙusa ta ƙarshe. Don Allah kar ki faɗa wa Baba. In ya sani ba zai ƙara cin abinci ba."

Washegari Yakubu ya ari babur, ya ce an ba shi labarin wani wuri a ƙauyen Kolokondé da jemagu suka yi yawa har sun hana mutane sakat. Muka bi hanyar daji tsakanin kunyoyin doya, ruwa ya kama mu a tsakiya, babur ya zame muka zube. Wani manomi daga cikin gonarsa ya ce mana dusuma. Da muka isa, ga su nan kuwa, bishiyoyi sun yi baƙi da su. Manyan jemagu ne masu cin 'ya'yan itace, masu fuska kamar ta kare, waɗanda da ido suke tafiya ba da kunne ba. Irinsu ina da su cike da firji a gida. Mutanen wurin suka yi ta murna an zo raba su da masifa, wani har ya ɗauko danƙo zai harbo min. Na kunna na'ura na zagaya rumbuna da wata tsohuwar rijiya, babu abin da na ji sai ƙwari. Muka dawo da doya shida da aka ba mu kyauta da gwiwa a kumbure.

Rana ta uku na ce wa Yakubu gobe zan koma. Na riga na fara tsara abin da zan faɗa wa Farfesa, da abin da zan faɗa wa maigidana wanda ya riƙe yara shi kaɗai.

Akwai wata kyanwa a gidan, baƙa mai farin wuya. Tun ranar da na sauka take shigo min ɗaki, ta haye kan akwatina ta zauna, kai a sama, kunnuwa suna juyawa. Na kore ta ya fi sau goma. Da yammacin nan ina haɗa kaya, na ɗauko na'urar don in cire batir, yatsana ya danna makunni. Sai ta yi ƙara. Na ɗauka lalacewa ta yi. Na ɗaga ta sama, ƙarar ta ƙaru. Na murɗa ta zuwa can ƙarshe, inda muryar masu hancin ganye take, sai ga ta, a raunane, tana yankewa tana dawowa. Wasu sun komo bayan hayaƙi, aka rufe sili da su a ciki. Kwana biyu ina kwance a ƙarƙashinsu ina kuka. Na dubi kyanwar, ta dube ni. Shekara nawa ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa kyanwa ta fi mutum jin siririn sauti.

Yakubu ya ce mu jira Baba ya tafi masallaci mu ɓalle katako ɗaya a ɓoye. Na ce a'a. Ban iya yi wa mai goshin Mama sata a gidansa ba. Na je zaure na ce, "Kawu, zo ka ji wani abu."

Ya zo yana dogara sanda. Na zaunar da shi a bakin gado, na sa masa abin sauraro a kunne, na ƙure ƙara, na ɗaga na'urar sama. Ya ƙanƙance ido.

"Mi ne ne wanga?"

"Jemagu ne, Kawu. Suna saman sili."

"Jemage na magana?"

Na ce ba sa yin shiru. Da wannan muryar suke ganin hanya, kunnenmu ne bai kai ba.

"Tun da haka suke yi?"

"Tun kafin a gina ɗakin."

Ya daɗe yana saurare. Sai ya tambaya, a hankali, ko akwai mutumin da ke iya ji ba da rediyo ba. Na ce wannan ta ganin hanya babu. Amma akwai tsuwar da suke yi wa junansu, wadda takan sauko daidai iyakar kunnen yaro ƙarami, in ya girma sai ta ɓace masa.

Kawu ya cire abin sauraron ya riƙe shi a cinya.

"Ni na riƙe ta," ya ce. "Hauwa. Tana shekara shida. Ni na riƙe hannuwanta aka turara mata hayaƙi tana kuka tana cewa Yaya wallahi ina jin su. Na ce in ba iska ba ce to ƙarya ce. Har ta yi aure ina ce mata mai kunnen aljanu." Ya goge ido da bakin rawani. "Ashe ba ƙarya take ba."

Ban san lokacin da na faɗa masa komai ba: digirin, zangon da ya rage, da cewa da ransu na zo nema. Yakubu yana bakin ƙofa yana yi min alama da ido, ban kula shi ba.

"Don mi ba ki faɗa ba?" in ji Kawu.

"Na faɗa, Kawu."

"Kin ce za ki zo saboda su. Wa ke zuwa saboda jemage in ba don ya kore shi ba?" Ya juya wajen ƙofa. "Yakubu, kawo min taɓarya."

Yakubu ya ce a bari a kira kafinta ya cire a hankali, sabon katako ne. Kawu ya ce shi ya sa a rufe, shi zai buɗe. Bugu uku ya yi, a na huɗu katakon ya tsage, sannan ya yarda Yakubu ya ƙarasa. Ƙura da kashin jemage suka zubo kan sabon zanin gado.

Na hau tsani da safar hannu da tocila. Shida na samu da rai, sun maƙale a jikin azara ko tashi ba sa iyawa. Sha tara sun mutu. Masu ran na ɗiga musu ruwa da sirinji, na naɗi muryarsu, na ciri abin da zan cira, da magariba ta yi muka buɗe taga. Biyar suka tashi, na shidan bai rayu ba. Matattun kuwa na sa su a kwalabe, don gawar da ba ta daɗe ba ita ma tana ba da ƙwayar gado. Kawu yana zaune yana kallona ina ƙirga su.

Dawowa hanya ɗaya ce, taɓo ɗaya, sai dai wannan karon ba wanda ya tambaye ni sana'ata. Na kai wa Farfesa akwatin. Ya duba, ya mayar da gilashinsa, ya ce wannan ya isa har ya yi yawa, in je in fara rubutu. Ya tambaye ni dabarar da na yi na samu da yawa haka cikin kwana uku. Na ce masa dogon labari ne.

Ina rubutun yanzu, babi biyu suka rage, kuma in Allah ya so zan miƙa kafin zangon ya ƙare. Masu cewa in yi walima su yi haƙuri, ban ji a jikina ba tukuna.

Makon jiya Yakubu ya kira. Bayan ya gama zagina ya ce ya kai kafinta gidan har sau biyu don a gyara silin, Baba ya kore shi. Ya sa an fitar da gadon da fankar, an cire labule, tagar ma ya hana a rufe. Na ce to ramin fa, haka za a bar shi?

Ya ce, "Baba ya ce a bar shi. Wai masu ɗakin ba su gama dawowa ba."